Ɗan Brazil da Rigunan Alhaji Nata'ala

Akwai wani ɗan wasan ƙwallon kwando ɗan ƙasar Brazil mai suna Edivaldo Paixão. A birnin Salvador aka haife shi, can bakin teku, inda mahaifiyarsa ke soya ƙosai a gefen titi. Eh, ƙosai irin namu, sai dai su da manja suke soya nasu.

Edivaldo gajere ne. A wasan da dogaye suka mallake, shi da ƙyar kansa ke kaiwa kafaɗar abokan wasansa. Amma Allah ya ba shi ido da hannu. Aikinsa a fili shi ne raba ƙwallo. Shi ke ɗauko ta daga baya, ya karanci fili, ya miƙa ta ga wanda ya fi kowa damar jefawa a kwando. Shekara tara ya yi yana wannan aiki a wani babban kulob a São Paulo, da shi yake ci yake sha, har jaridu suka san sunansa.

Sai gwiwarsa ta hagu ta samu matsala. Aka yi masa aiki, ya warke, amma kulob ɗin suka ce sun gode. A shekarar 1974 wani ƙaramin kulob a kudancin London ya ɗauke shi. Kakar wasa ɗaya ya buga musu. Da sabuwar kaka ta zo, suka kawo wani Ba'amurke dogo kamar falwaya, kocin ya kira Edivaldo ofis.

Ya ce masa, "Shekararka talatin da biyu, ga ka gajere, ga gwiwa. Ka koma gida ka huta."

Edivaldo ya dube shi ya ce, "Ni zan faɗi ranar da na gama, ba kai ba."

Bai koma gida ba. Ya shiga makarantar koyon Turanci don a ƙara masa izinin zama, ya kuma samu aikin goge daɓe a wani zauren wasanni na ƙaramar hukuma a unguwar Deptford. Mutumin da dubban 'yan kallo ke kiran sunansa ya koma jan bokiti. Amma kullum da ya gama guga, kafin masu haya su iso, sai ya ɗauki ƙwallo ya yi ta atisaye shi kaɗai har rigarsa ta jiƙe.

A wannan lokacin ne arzikin man fetur ya buɗe a Najeriya. Ɗalibai na ta kwarara London, 'yan kwangila na zuwa sayayya kamar masu leƙa Kantin Kwari. Cikinsu akwai Alhaji Nata'ala, ɗan kwangilar siminti daga Kano, mai gida a unguwar Marylebone. Ɗansa Zailani yana karatun kasuwanci a London. Zailani dogo ne ƙwarai, kuma tun ranar da wani ya ce masa yana da jikin 'yan ƙwallon kwando, maganar ta zauna masa a kai.

Uban ya ce to me ake jira? Ya sa aka kafa ƙungiya, aka raɗa mata suna Taurarin Arewa. Aka ɗinko koren riguna masu sheƙi da sunan kamfaninsa a ƙirji, aka sayo takalma sababbi fil.

'Yan wasan kuwa haɗe-haɗe ne. Akwai abokan Zailani uku da riga ce kawai ta kawo su. Akwai Maharazu, ɗalibin likita ɗan Zariya. Akwai Katung da Haggai, masu tura gadon marasa lafiya a wani asibiti. Sai Rwang, mutumin Bukuru, kwandastan bas, wanda ya koyi wasan tun a makarantar mishan kuma ya fi su duka iya jifa.

Wata Asabar suka zo atisaye suka tarar da Edivaldo yana goge wani lungu da rufi ke yoyo.

Zailani ya ɗaga murya da Turanci. "Kai, mai shara! Mun kama hayar wurin nan tun sha biyu. Kwashe bokitinka."

Edivaldo ya ce, "Minti biyu. In ban goge ba wani zai zame ya karye."

Zailani ya ɗauki ƙwallo ya wurga masa a baya, abokansa na dariya. Edivaldo ya juyo ya cafe ta da hannu ɗaya, ɗayan hannun na riƙe da sandar guga. Ya buga ƙwallon da ƙasa, ta bi ta tsakanin ƙafafun Zailani, ta tashi ta faɗa daidai hannun Rwang da ke tsaye ƙarƙashin kwando yana hamma.

Dariya ta tsaya cak.

Rwang ya dubi ƙwallon a hannunsa, ya dubi gajeren mutumin. Ya tako ya ce, "Malam, don Allah a ina ka buga?"

"São Paulo. Shekara tara."

Zailani ya ce ƙarya ce, sa'a ce kawai. Ya karɓi ƙwallon ya ce in ya isa ya ƙwata. Sau biyar Zailani na tahowa da ita, sau biyar Edivaldo na zare ta daga hannunsa da takalmin roba na aiki a ƙafarsa. A na biyar ya miƙa masa ita da hannu biyu, ya koma ya ƙarasa gugarsa.

Kafin a tashi ranar, Rwang da Maharazu suka tsare shi a bakin ƙofa har sai da ya yarda zai buga musu. Sunansa ya yi musu nauyi a baki, suka mayar da shi Baldo.

Daga nan ƙungiya ta canja. Baldo ba ya wasa da atisaye. Wanda ya makara, ko ɗan waye, sai ya zagaya fili. Ya sa suka koya masa kalmomin Hausa don abokan hamayya su kasa gane shirinsu. Sai ka ji shi a tsakiyar wasa yana ihu, "Hagu! Dama! Gudu, gudu! Tsaya!" Turawa su yi ta waige-waige.

Ran Lahadi Rwang kan ja shi gidansa a Woolwich, matarsa Juliana, wadda nas ce, ta dafa gwaten acca, ta kuma duba masa gwiwa ta ɗaure. A nan ne wata rana Baldo ya ce kakarsa takan ce kakanninsu daga Afirka aka kwaso su, wai ana kiransu Ausa.

Rwang ya ajiye cokali ya ƙyalƙyale da dariya. "Juliana, kin ji ikon Allah! Ni da nake jin Hausa tun ina goye, Birom ne. Shi da ya san kalma goma, shi ne Bahaushen!"

Zailani ne matsalar. Duk ƙwallon da ta shiga hannunsa sai ya jefa, kuma cikin goma da ƙyar biyu su shiga. Wata rana Baldo ya ja shi gefe.

Ya ce, "Zan gaya maka abin da abokanka ba za su gaya maka ba. Hannunka ba na jifa ba ne. Amma duk ƙwallon da ta daki ƙarfen kwando ta dawo, babu wanda ya isa ya riga ka kamawa a duk gasar nan. Ka riƙe wannan, za a ji tsoronka."

Zailani ya ce, "Ka san da wa kake magana? Rigar da ke jikinka ta ubana ce."

"Na sani. Kwandon dai bai san ubanka ba."

Zailani ya yi fushi, sati biyu bai zo ba. A na uku ya dawo, ya je ya tsaya ƙarƙashin kwando. Tun daga ranar ya fara koyon tsalle da tare hanya, Baldo na tsaye kansa. A hankali abin ya fara yi masa daɗi, domin karo na farko a rayuwarsa ana tafa masa don abin da ya yi da ƙarfinsa.

Taurarin Arewa suka yi ta cin wasa, har a watan Afrilun 1976 suka kai wasan ƙarshe na wani kofi na ƙananan ƙungiyoyin London. A satin ne takarda ta iso wa Baldo: izinin zamansa zai ƙare a ƙarshen Mayu. In babu wani aiki na sosai da zai riƙe shi, sai jirgi. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. A Brazil babu kulob ɗin da ke jiransa.

Ana jibi wasa Alhaji Nata'ala ya sauka daga Kano. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya aika a kira masa Baldo. Da yake Turancin Alhaji na ciniki ne kawai, Rwang ya raka shi don ya yi tafinta.

Suka tarar da Alhaji a kan doguwar kujera, ƙamshin turare ya cika falon. Zailani na zaune a kan kafet, kansa a ƙasa.

Rwang ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, an zo lafiya? Ya hanya?"

Alhaji ya amsa a taƙaice, ya shiga magana. "Gaya masa na ji labarinsa, na kuma ji takardarsa ta kusa ƙarewa. Kamfanina zai kafa kulob a Kano. Shi zai zama koci. Gida a Nasarawa, mota, direba. Gobe-goben nan zan sa hannu a takardar."

Rwang ya fassara, fuskarsa cike da murna. Baldo ya kasa kunne. Abin da ya yi wata da watanni yana jira ke nan.

Alhaji ya ci gaba. "Amma gobe ina da baƙi. Manyan mutane ne, har da mai ɗaukar hoto na jarida. Ina so su ga ɗana. Duk ƙwallon da ta shigo hannun mutumin nan, Zailani zai ba. Shi zai jefa, shi zai ɗaga kofi. Wannan kwandastan bas ɗin da aka ce yana cinye jifa, a ajiye shi a benci."

Alhaji bai ma san kwandastan ne tsaye gabansa ba.

Rwang ya juya ya fassara wa Baldo maganar kalma bayan kalma, bai rage komai ba. Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Ka karɓa, Baldo. Ni ba komai, Litinin ina kan bas ɗina. Kai ne ba ka da wajen zuwa."

Baldo ya dubi Zailani. Zailani bai ɗago ba.

Baldo ya ce, "Rwang, ka gaya masa daidai yadda zan faɗa. Na gode da gida da mota. Amma ni aikina ɗaya ne a duniya: in ba da ƙwallo ga wanda ya fi dama. In ɗansa ne ya fi dama, zai samu. In kwandasta ne, kwandasta zai samu. Kuma ka gaya masa kai ne kwandastan."

Rwang ya fassara.

Alhaji ya gyara zama. "Yana sane da abin da yake yi kuwa? Mai goge daɓe! Tambaye shi, a ƙasarsu haka ake yi wa wanda ya tufatar da mutum?"

Baldo ya ce, "Ka tufatar da ni, gaskiya ne. In na yi abin da kake so, baƙinka za su ga ɗanka yana jifa tana ƙin shiga, su tafa a gabanka, su yi dariya a mota. Ni ba zan yi masa haka ba. Ya sha wuya kafin ya iya abin da ya iya."

Ran Alhaji ya ɓaci. Ya miƙe tsaye, babbar rigarsa na jan ƙasa. "To shi ke nan. Rigunan nawa ne, takalman nawa ne. A dawo min da su yau kafin magariba, ko safa kar a bari. Zailani ba zai buga ba. Gobe zan zo da baƙina mu ga yadda za ku yi wasa tsirara."

A hanyar komawa, cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, Rwang ya kasa haƙuri. "Kai wane irin taurin kai ne da kai? Wasa ɗaya fa! Minti arba'in ka rufe ido, ka samu rayuwa."

Baldo ya ce, "An ce na tsufa, na jure. An ce na yi gajarta, na jure. An ba ni bokiti, na karɓa. Abu ɗaya ya rage min da ban sayar ba. In na ba shi, ko ya kai ni Kano, me zan koya wa mutane a can?"

Direban Alhaji ya zo ya kwashe kayan da yamma. Abokan Zailani uku suka bi rigunan, ba a sake ganinsu ba. Saura mutum biyar cif: Baldo, Rwang, Maharazu, Katung da Haggai. Babu ɗan canji ko ɗaya.

Da Juliana ta ji labari ba ta tsaya jimami ba. Da safe ta shiga kasuwar Deptford ta sayo fararen singileti shida. Ta ɗauko filastar ɗaure ciwo, ta yanka da almakashi, ta manna lambobi gaba da baya.

Rwang ya ce, "Mu biyar ne, me ya kawo shida?"

Ta ce, "Baldo ne ya ce shida."

Ƙarfe uku na rana aka fara wasa. Abokan karawarsu ma'aikatan tashar jirgin ruwa ne, ƙarti majiya ƙarfi, da jajayen riguna. Da Taurarin Arewa suka fito da singileti da tsofaffin takalma kala-kala, 'yan kallo suka fashe da dariya. A layin gaba Alhaji Nata'ala na zaune da baƙinsa. Zailani na gefensa sanye da koriyar rigar nan mai sheƙi.

Baldo ya tara mutanensa. Ya ce, "Ku bar su su yi dariya. Riga ba ta jefa ƙwallo."

Rabin farko sun sha wuya. Baldo na raba ƙwallo kamar mai ido a ƙeya, Rwang na jefawa tana shiga, amma duk wadda ta kuskure, jajayen ne ke kamawa, don babu dogo a ƙarƙashin kwando. Aka bugi Katung a baki har ya fashe. Haggai ya yi laifi huɗu, saura ɗaya a kore shi. Gwiwar Baldo ta kumbura. Aka tafi hutu ana binsu da maki goma sha ɗaya.

Suna zaune a benci suna haki, Juliana na sake ɗaure gwiwar Baldo, sai suka ji hayaniya daga layin gaba.

Zailani ne ya miƙe. Ya durƙusa gaban mahaifinsa, a gaban baƙi, a gaban kowa.

Ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Ban taɓa ƙin bin maganarka ba. Amma wata shida muna tare da mutanen nan. Ana dukansu a wurin da ni ya kamata in tsaya. Ba zan iya kallo ba."

Alhaji ya ce a ƙasa-ƙasa, haƙora a cije, "Zauna, Zailani. Kar ka kunyata ni."

"Baba, zaman ne kunyar."

Ya cire koriyar rigar, ya ninke ta da kyau, ya ajiye a kan kujerarsa. Ya sauko fili ya tsaya gaban Baldo kamar mai laifi.

Ya ce, "Na san ba a sa sunana a takardar wasa ba. Na zo ne ko ruwa in riƙa miƙa muku."

Baldo ya ce, "Sunanka na ciki tun safe. Juliana, ba shi rigarsa."

Singiletin ta yi masa kaɗan, da ƙyar ta rufe cibiya. Babu wanda ya yi dariya.

Rabi na biyu wani wasa ne daban. Zailani ya kafe ƙarƙashin kwando kamar an dasa shi. Duk ƙwallon da ta daki ƙarfe ta dawo, hannunsa take faɗawa, shi kuma nan take ya miƙa wa Baldo. Ko sau ɗaya bai gwada jifa ba. Baldo na ɗingishi yana ihu, "Gudu! Dama! Rwang, hagu!" Maki goma sha ɗaya suka koma bakwai, suka koma huɗu. Aka kori Haggai saboda laifi na biyar, Maharazu da ya fita hutawa ya dawo. 'Yan kallon da suka yi dariya ɗazu suka koma buga ƙafa suna goyon bayan masu singileti.

Saura daƙiƙa goma sha biyu, ana binsu da maki ɗaya, ƙwallo na hannun Baldo.

Alhaji, wanda tun da Zailani ya sauka fili ya rantse zai tafi amma ya kasa tashi, ya manta da baƙi ya miƙe yana ihu, "Ba shi! Ba Zailani!"

Baldo ya duba. Mutum biyu sun manne wa Zailani. A can kusurwar dama Rwang na tsaye shi kaɗai. Baldo ya kalli Zailani kamar shi zai ba, ya wurga ƙwallon ta bayansa, ta faɗa hannun Rwang.

Rwang ya jefa. Ƙwallon ta daki ƙarfe, ta zagaya baki, ta fito.

Sai ga dogon hannu ya taso ta saman jajayen riguna biyu, ya dangwale ta da yatsu, ta koma ciki. Alƙali ya busa usur.

Ita ce kaɗai ƙwallon da Zailani ya ci a duk wasan, kuma ita ta kawo kofi.

Zauren ya kaure. Alhaji ya yi tsalle har hularsa ta faɗi, yana riƙe hannun baƙonsa yana cewa, "Ɗana ne! Wallahi ɗana ne!" Baldo kuwa ƙasa ya zauna ya riƙe gwiwa, hawaye na zubo masa, yana dariya.

Da aka zo ɗaukar hoto, Alhaji ya aiki direba mota da gudu. Sai ga jakar korayen riguna an ajiye a gabansu.

Alhaji ya ce, "To, komai ya wuce. Ku sa rigunan a ɗauki hoto, sunan kamfani ya fito."

Babu wanda ya motsa. Duk suka dubi Baldo. Ya dafa kafaɗar Katung ya miƙe, filastar lambarsa ta ɓanɓare tana reto.

Wannan karon bai nemi tafinta ba. Ya haɗa 'yar Hausar da ya iya, ya nuna singiletinsa ya ce, "Alhaji, sannu. Wannan riga, mun ci. Wannan riga, hoto."

Alhaji ya juya wajen ɗansa. Zailani ya sunkuyar da kai cikin ladabi, amma bai taɓa jakar ba. Ya ɗauki kofin ya miƙa wa Rwang, ya koma layin baya inda dogaye ke tsayawa. Haka aka ɗauki hoton, mutum shida cikin singileti jiƙe da gumi.

Kada ku ɗauka Alhaji ya sauko. Bai sauko ba. Ya koma Kano bai sa hannu a kowace takarda ba, kulob ɗin kamfanin ma ba a sake jin zancensa ba. Sai dai waɗanda suka shiga ofishinsa daga baya sun ce hoton nan na rataye a bango, kuma duk baƙon da ya zo sai an nuna masa dogon da ke baya.

Baldo ya koma kan bokitinsa. Mayu ta kama, ya fara haɗa kaya. Rwang na zuwa kullum bayan aiki ya taya shi, don yana ganin shi ne sila.

Ana saura kwana tara izininsa ya ƙare, wani dattijo mai tabarau ya shigo zauren yana tambayar ɗan Brazil. Ya ce sunansa Mista Jang, jami'in wasanni ne daga Jos, ya zo kwas London. Cocinsu ɗaya da Juliana, ita ta ja shi kallon wasan ƙarshe, ita kuma ta ba shi labarin abin da ya faru a Marylebone.

Mista Jang ya ce, "Ba ni da mota da zan ba ka, ba ni da direba. Ɗaki biyu ne a gidan malamai, da filin siminti da ya tsattsage. Masu koyar da jifa muna da su. Abin da nake nema shi ne wanda in ɗan kwamishina da ɗan mai haƙar kuza suka tsaya a fili, zai ba wanda ya fi dama. Za ka zo?"

Baldo ya jingine sandar guga a bango. Ya ce, "Zan koyar. Amma da sharaɗi: ni ma zan riƙa bugawa."

Mista Jang ya dubi gwiwar, ya dubi fuskarsa, ya yi dariya ya miƙa masa hannu.

A watan Yuni Edivaldo Paixão ya sauka a Jos. Ya buga wasa shekara uku a kan simintin nan, ya koyar shekara goma sha ɗaya, maza da mata. Manya sun sha aiko masa da saƙo a kan 'ya'yansu, wasu da lallashi, wasu da barazana. Duk wanda ya zo, kujera yake ba shi a gefen fili, ya ce ya zauna ya kalli atisaye da idonsa. Wasu su tafi da fushi. Wasu su kai har ƙarshe, su tashi su ce, "Koci, yi yadda ka gani."

Darasi: Mai hali zai iya saya maka riga, ya saya maka takalmi, har ya yi maka alkawarin gida da mota, amma gaskiyar aikinka taka ce, kuma sai ka yarda ake raba ka da ita. In aka matsa maka ka danne mai haƙƙi don a faranta wa wani babba, ka ƙi cikin ladabi, ko da ƙin zai ja maka asara, domin ba ka san wanda ke kallonka ba, kuma Allah yana gani. Iyaye kuma, mu bar 'ya'yanmu su yi fice a abin da suka iya, yabon da aka saya musu ba ya ɗorewa. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga wani da ake matsa wa lamba a wurin aikinsa yau, wataƙila shi ne zai ƙarfafa masa gwiwa.